Shibola

Kalma ɗaya tak Baba ya gada a hannun Bature,
ba fansho, ba agogo:
shibola.

Shekara goma sha ɗaya yana gugar daɓen tarazo
a ƙarƙashin Itore, ɗan Italiya mai gajeren wuya,
wanda in an kwara wa sabon daɓe ruwa
sai ya ɗaga yatsa, taba a gefen baki,
ya daka wa leburori: shibola!
Wato a taka a hankali, akwai santsi.

Baba ya kawo ta gida tare da ƙurar siminti,
ta yi kaka-gida a gidanmu na Gangare.
Bakin rijiya, shibola.
Miyar kuɓewa ta tuntsure a tsakar gida, shibola.
Ruwan farko ya sauko da ƙanƙara,
mun fita tsinta da kwanon sha,
muryarsa ta biyo mu har lungu.
Na girma ina zaton Hausar Jos ce,
sai da 'yan Kano suka yi mini dariya a makarantar kwana.

Bara na tsinci wani ƙamus mai cinyayyen bango
a wajen mai tsofaffin littattafai a Taminus.
Na sha wuya kafin na same ta,
ashe ba da sha ake fara ta ba:
scivolare.
Ƙamus ya ce zamewar ƙafa a kan jiƙaƙƙen dutse.
Ya ce suɓucewar kofi daga hannu,
da tafiyar kwalekwale a kan ruwan da ya kwanta,
da sulalewar mutum daga taro ba sallama,
har da yadda hira kan gangara
ta faɗa inda ba a nufa ba.
Su kalma guda suka ɗora wa wannan kaya.
Mu mun raba shi: zame, suɓuce, sulale,
kowace faɗuwa da sunan yankanta.

Asalinta kuwa, masanan ma ba su tsaya da ƙafa biyu ba.
Wasu sun kai ta ga tsohon Latin, ga hucin maciji.
Wasu sun ce ƙarar ce kawai,
shiii ɗin da tafin ƙafa ke yi
kafin ƙugu ya sami labari.
Ƙamus dai wataƙila ya rubuta, ya wuce.
Ban ga laifinsa ba.
Wa ya taɓa riƙe tarwaɗa da hannu ɗaya?

Yanzu Baba Tanimu ya haura tamanin.
Kofin shayi na barin yatsunsa ba shawara.
Ranaku sun sulale, sai Juma'a ta rage.
Yana ce mini Dije,
Dije kuwa shekara tara ke nan da muka kai ta makwanci.
Na daina gyara masa. Nakan amsa.

Ran Talata na kai shi awon jini.
A doguwar barandar asibiti ya ja ya tsaya,
ya sa sanda yana bin siririn layin tagulla
da ya raba daɓen gida-gida,
tsakuwa fara, tsakuwa baƙa, wata ja kamar goro.
Ya ce, wannan hannun gwani ne,
dubi, ko allura ba ta samun wurin shiga.
Ban sani ba ko nasa ne. Shi ma bai sani ba.

Can gaba wata mai shara ta tsoma tsumma a bokiti,
ta shimfiɗa wa daɓen ruwa,
hasken taga ya kwanta a kai.
Ni ke riƙe da shi tun daga bakin ƙofa,
katinsa a haƙorina, jakarsa a kafaɗata.
Sai na ji yatsun nan da ba sa riƙe kofi
sun damƙe wuyan hannuna har da zafi.

Bai ce Dije ba.
Ya ce, Ladiyo,
shibola.